Kwamfutar Surayya da Kunnen Malam Ɗanasabe

"Ina gajiya kuma, ango?"

"Gajiya da sauƙi. Yunwa ce ba sauƙi, tunda Allah ya haɗa ni da amaryar da take kawo wa mijinta tarkacen ƙarfe a madadin koko."

"Kokon da ka shanye tun da sassafe har ka suɗe ludayin? Ka ji tsoron Allah, tsoho."

"Wannan ai kurkure baki na yi."

Surayya ta jawo kwalaye uku ta jera su a bakin tabarmar kakanta, Malam Ɗanasabe, a gindin darbejiyar da ke tsakar gida. Kayan kwamfuta ne a ciki. Bilya, mai shagon kayan wuta a Kura, shi ya ɗauro su a babur ya sauke mata, kusan kowane abu iri biyu, ya ce ta zaɓa a tsanake kafin ya dawo daga duba shinkafarsa a Kadawa. Ba haɗaɗɗiyar kwamfuta za ta saya ba, kuɗin albasar da ta noma bana ba su kai nan ba. Ɗaya bayan ɗaya za ta tsinci kayan ta haɗa da hannunta yadda aka koya musu a makaranta, kuma wannan ne karonta na farko.

Ƙungiyar manoman rani ta garin ta yi mata alkawarin aiki: buga jadawalin rabon ruwa, rajistar manoma, takardun taki. In aikin ya kama, ta zauna a gida ke nan. In bai kama ba, akwai shagon buga takardu a Kano da ke jiran ta, gwaggonta Sa'ida ma har ta share mata ɗaki. Matsalar guda ce. Wutar sola a sashen tsoho kaɗai take, kuma labule ne kawai tsakanin inda za ta ajiye kwamfutar da gadonsa. Malam Ɗanasabe ya yi shekara talatin da takwas yana tayar da injinan ban ruwa yana gyara su, su kuma suka ci masa kunne. Magana sai ya kalli bakinka yake kama ta, amma siririyar ƙara wadda ba ta yankewa takan sara masa kai ya wuni a kwance. Kowa a gidan ya sani. Shi kaɗai ne bai sani ba, a faɗarsa. Fankar ɗakinsa ma da ya sa aka fitar, cewa ya yi sanyi take sa masa, a watan da kaji ke yawo baki buɗe saboda zafi.

Yusha'u, mahaifin Surayya, ba mai jan magana ba ne, abu ɗaya ya ce mata: "In na'urar nan ta dami Baba ko sau ɗaya, ki haɗa kayanki sai Kano." Abin da ya fi damun Surayya shi ne ta san tsohon ba zai taɓa cewa an dame shi ba. Zai kwanta kansa na sarawa ya ce hutawa yake. Ita kuwa ba ta son tafiyar, don tun rasuwar kakarta ita ke dama masa koko, ita ke yanke masa farce, kuma da ita kaɗai yake gardama har ya manta da ciwon gwiwa.

"To buɗe mu ga asarar," in ji shi.

Ta fara fito da akwatuna biyun da ake jera kayan a ciki. Ɗaya gefensa gilashi ne, da ƙananan fankoki uku masu fitila ja da kore. Ɗayan baƙi ne ƙirin, a rufe ruf, an liƙa masa soso ta ciki da raga a gaba.

"Mai gilashin."

"Ko bayani ba ka ji ba."

"Bayanin me? Wancan baƙin ai akwatin gawa ne."

"Kai dai da ka kusa, duk abin da ka gani sai ya tuna maka."

"Ni? Sai na ga furfurarki, yarinya. Ni zan raka ki sayen sanda."

"Allah ya kai mu, in haƙori ɗayan nan naka ya kai." Ta buga gefen baƙin da yatsa. "Soson nan shanye ƙara yake. Ragar kuma ƙurar injin casar shinkafar maƙwabcinmu Sammani za ta tare, wadda ke sauka a tsakar gidan nan kullum. Mai gilashin na samari ne masu wasan kwamfuta, ni aiki zan yi."

"Shanye ƙara? Injin da ba ya ƙara ai mushe ne. Mu a zamaninmu in za a sayi inji, a bakin kanal ake tayar da shi. In mutanen Bunkure ba su aiko sun ce a rage ba, a mayar wa mai shi kayansa."

"Bunkure kawai? Bara ka ce Madobi."

"Inji biyu ne."

Amsa ta zo mata har bakinta, mai daɗi kuwa: shi ya sa yanzu in an ce maka ina kwana sai ka ce ka ƙoshi. Ta haɗiye ta. Jika yana tsokanar kaka da mutuwa, da haƙora, da rowa, babu wanda zai ce ya yi rashin kunya. Amma kunnen Malam Ɗanasabe ba a taɓa shi a gidan nan, ko da wasa. Sai kawai ta ture mai gilashin gefe.

Ta ciro ma'ajiya biyu, inda ake adana takardu a cikin kwamfuta. Ɗaya tsohon yayi ce mai nauyi, ɗayar kuma ba ta fi ɗan yatsa ba. Tsohon ya karɓe su, ɗaya a kowane tafi, ya ɗaga wannan ya ɗaga wancan, yadda ya saba gwada kayan gyaran inji a kasuwa.

"Wacce ta fi tsada?"

"Ƙaramar."

"An cuce ki. Wallahi an cuce ki. Bilyan nan dama tun yana yaro idonsa bai kwanta mini ba. Ki ba da kuɗin albasa buhu guda a ba ki abin da kaza za ta haɗiye?"

"Babbar faifai ne a cikinta yake juyawa, tana ƙas-ƙas-ƙas duk wuni. Ƙaramar babu abin da ke motsi a cikinta, kuma ta fi sauri."

"Abin da ba ya motsi yaya zai yi sauri?"

"Kamar kai da tuwo. Kana zaune wuri ɗaya, kafin a juya kwano ya koma wanke-wanke."

Ya ajiye ƙaramar a kan cinyarta a hankali, duk da ya ce kaza za ta haɗiye ta. Ya miƙa hannu cikin kwalin da kansa ya zaro wani dogon abu mai fankoki biyu, idonsa ya yi haske.

"Yauwa. Ga namiji."

"Katin hoto ne. Ba na so."

"Rowa."

"Furosesar da na zaɓa, ƙwaƙwalwar kwamfutar ke nan, tana da nata a ciki, ya ishi buga takarda. Wannan zai sha wutar batirinka kafin la'asar, ka kwana ba fitila, ga fankoki biyu suna ihu a kanka."

"Su yi. Ni ihu ya taɓa damuna? In kuɗi ne ba ki da su, in sayar da tunkiya in saya miki."

"Tunkiyar da ka yi mini alkawarinta tun ina aji uku a firamare? Ta ga jikokinta ta mutu, har yau ina jira."

"Haƙuri ake da miji."

"Abin da na rage a nan ram zan ƙara da shi." Ta nuna masa wasu siraran alluna biyu. "Shi ne faɗin wurin aiki. In ya yi kaɗan, sai ta riƙa ɗauke wannan takarda kafin ta shimfiɗa waccan."

"Shanya ke nan a ƙaramar tabarma."

"Ashe kana ganewa."

"Na daɗe da ganewa kafin a haifi ubanki."

Surayya ta yi murmushi, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta lura tun ɗazu cewa duk abin da ya fi ƙara shi yake zaɓa, kuma yana zaɓar yana ɗaga murya don a ji shi har sashen mahaifinta. Ba gardamar inji yake yi ba. Shaida yake kafawa cewa kunnensa lafiya ƙalau, kuma ta san dalili.

Saura fanka, ita ce kuma babbar magana, don duk ƙarar da kwamfuta za ta yi daga wurinta take fitowa. Sabuwa guda ɗaya ce a kwalin, ƙarama. Sai manya guda biyu na hannu, waɗanda Bilya ya ciro daga tsofaffin kwamfutoci. Ɗaya fara tas, ɗayar ta dafe, har da ɗan ɓallin kusurwa. Sabuwar babba ta fi ƙarfin aljihunta, tunda ta ƙudura cewa na'urar raba wuta sabuwa za ta saya, don ita in ta yi gardama duk sauran kayan take ƙonawa.

"An ce babba ta fi shiru," ta ce, "amma ban san yadda zan gane mai lafiya a cikin biyun nan ba."

"An ce? A makarantar taku ba a faɗa muku dalili ba?" Ya gyara zama, ya manta cewa shi mai goyon bayan ƙara ne. "Ki ɗauki tiyo inci ɗaya ki ce sai ya cika miki kwamin shinkafa a gona. Dole ki ba inji wuta har ƙarshe, ya yi ta kururuwa, ruwan na fita da fushi. Ki sa inci uku kuma, inji na tafiya a hankali, ruwa na zuba ba hayaniya, kwami ya riga cika. Iska ma haka take. Mai faɗin fuka-fuki ba ta buƙatar gudu."

"To ka ga, kai da bakinka."

"Ni bayani na yi, ban ce ki saya ba. Kawo batir a tayar da su. Ido rufe zan faɗa miki wacce ce inji wacce ce kwali."

Bilya ya bar mata ƙaramin batirin babur don gwaji. Malam Ɗanasabe ya rufe ido ya ɗaga haɓa, ita kuma ta taɓa wayoyin ƙaramar fankar a jikin batirin. Fankar ta ɗauka da siririn kuka mai shiga kai. Surayya ba fankar take kallo ba. Ta ga fatar gefen idonsa ta tattare, ta ga hannunsa ya taso zai nufi kunne, ya fasa ya gyara hula.

"Madalla," ya ce, muryarsa a shaƙe. "Wannan ita ce inji. Ita za ki ɗauka."

Ta cire da sauri. Ta ɗauko babbar fara ta haɗa, ta tashi a hankali, iska na kaɗa gefen mayafinta, kusan ba a jin komai. Tana gyara riƙo sai waya ɗaya ta suɓuce daga yatsunta. Fuka-fukan suka rage gudu, suka tsaya cak. Tana laluben wayar a kan tabarma ya yi magana, idonsa har yanzu a rufe.

"Ita ce wadda kika ce ba ta ƙara? Ga shi ina jin ta sarai. Siririn kuka ne da ita, ɗiii, ba ya yankewa. Ku yaran yanzu ne ba ku da kunne."

Surayya ta tsaya da wayar a hannu. Tsohon ya buɗe ido. Ya ga fankar a tsaye, ya ga wayar a hannunta ba ta taɓa komai ba. Ya daɗe yana kallon su biyun. Tausayinsa ya kama ta, ta so a ce ta yi saurin haɗa wayar kafin ya gani.

"Tun yaushe ta tsaya?"

"Tun kafin ka fara magana."

"To." Ya cire hular ya ɗora a gwiwa. "Wannan injin ba naki ba ne. Nawa ne, a cikin kai yake. Shekara shida ke nan da ya tashi, na nemi makunninsa ban samu ba. In wuri ya yi shiru mukan zauna lafiya ni da shi. In wata siririyar ƙara ta zo ta hau kansa, shi ke nan, ranar ta lalace."

"Shi ne kake zaɓar mini masu ihu?"

"Ai na ji abin da ubanki ya ce."

"A ɗaki muka yi maganar, a hankali."

"Yusha'u a cinyata ya girma. Ba sai na ji muryarsa ba, tafiyarsa kawai na gani da ya fito. Kuma Sa'ida ta aiko a tambayi irin katifar da kike so, kin zaci ban gani ba?" Ya shafa kansa. "Na ce bari in zaɓi mai ƙarar da kaina a gaban kowa. Wanda ya zaɓa da hannunsa ai ba a tsammanin ya yi ƙorafi."

"Sai ka kwanta kanka na tsagewa, ni ina bayan labule ina buga jadawalin ruwa, ina jin daɗi?"

"Ciwon kai ne fa kawai. Yana tafiya."

"Wallahi, Kaka, da in zauna a haka gara in tafi Kanon."

Ba ta cika ce masa Kaka ba sai magana ta zama magana, shi ma ya sani. Ya kalli bakinta ya tabbatar abin da ta faɗa ke nan, sannan ya juya kai wajen ƙofar ɗakinsa.

"Shiga ƙarƙashin gado, akwai jakar buhu. Ki ɗauko mini doguwar sukundireba mai ƙotar itace. Kada ki taɓa goron da ke gefe, na ƙirga shi."

"Goron da ya bushe tun azumi? Ko akuya ba za ta sata ba."

Ta kawo. Ƙarfen ya kai tsawon kamu ɗaya, ƙotar ta yi santsi ta yi baƙi saboda shekarun da ta yi a hannu. Ya ce ta tayar da farar, ta riƙe wayar da kyau wannan karon. Ya ɗora bakin sukundirebar a jikin firam ɗin fankar, ta baya, daidai cibiyarta, ya manna ƙotar a ƙashin bayan kunnensa. Haka masu gyaran injin ban ruwa suke sauraron cikin inji ba tare da sun kwance shi ba.

"Kunne ya gaji," ya ce, "amma ƙashi bai gaji ba. Yi shiru."

Ta yi shiru. Ya yamutsa fuska.

"Boris ɗinta, wanda fuka-fukan ke juyawa a kansa, ya fara ci. Yanzu ba za ki ji ba. Ki ba ta wata biyu a zafin nan, za ta fara gurnani, daga nan sai kuka. Wanke ta aka yi don ta yi kasuwa. Kawo mummunar."

Ta haɗa mai ɓallin kusurwa. Ya saurara ya daɗe, har ta fara zaton ya yi gyangyaɗi. Ya matsar da bakin ƙarfen gefe, ya sake saurara.

"Wannan lafiyayya ce. Sumul take tafiya. Karɓi ki ji da kanki, kada ki ce tsoho ya yi miki ƙarya."

Surayya ta manna ƙotar a bayan kunnenta yadda ya yi. A jikin mummunar sai ta ji wani lallausan gudu mai tafiya daidai. Da ta koma kan farar, can a ƙasa akwai ɗan ƙaras-ƙaras, kamar tsakuwa ɗaya a cikin shinkafa. Ita da za ta zaɓa da ido, farar za ta ɗauka, kuma da kafin damina ta faɗi tana Kano.

"Shekara biyu ina makarantar kwamfuta, ba wanda ya nuna mini wannan."

"Ai malamanku ba su taɓa kwana da inji a gona ba. Ki ce wa Bilya ya nemo miki irinta guda ɗaya, ki sa ɗaya a gaba tana shaƙa, ɗaya a baya tana fitarwa. Duk wadda ya kawo a kawo mini in ji. Kuma kada ki ajiye akwatin a kan teburin katakon nan haka kawai, katako yana ɗaukar rawar inji ya ƙara mata. Akwai tsohuwar tayar babur a bayan rumbu, ki yanko ki sa a ƙarƙashi."

"Wane akwatin? Mai gilashi?"

"Na gawar."

"Ka ce mushe ne."

"Mushen nake so. Na sha ƙara ta ishe ni."

Ta mayar da katin hoton da ƙaramar fankar da babbar ma'ajiyar cikin kwali, ta ware nata gefe guda. Da ta gama ta goge sukundirebar da gefen zaninta ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Riƙe. Da me za ki ɗaure kayan, da farce?"

"Wannan ta yi wa kusoshin kwamfuta girma."

"To ba don ɗauri ba. Lefenki ne."

"Shekara ashirin da uku ina jiran lefe, sai tsohuwar sukundireba? Ko ɗan kwali babu?"

"Ita ta ciyar da ubanki, ita ta aurar da Sa'ida. Ki saurare ni, Surayya." Ya riƙo hannunta ya naɗe yatsunta a kan ƙotar. "Na san halina. In kin tambaye ni ko na'urar ta dame ni, zan ce a'a ko da kaina na rabewa biyu. Saboda haka kada ki tambaye ni. Duk Juma'a ki ɗora wannan a jikin fankar ki saurara. Ranar da kika ji tsakuwar nan, ki canja ta kafin ta iso kunnena. Ba sai Yusha'u ya ji ba, ba sai na yi ƙarya ba."

Ta sunkuyar da kai tana juya ƙarfen a hannunta, don kada ya ga idonta. Daga nesa ta jiyo babur ɗin Bilya yana hawo kan hanyar kanal. Shi bai ji ba, bakinta yake kallo yana jira.

Ta ɗago ta fuskance shi sosai yadda zai gani. "To ɗakin da Gwaggo Sa'ida ta share fa? Me zan ce mata?"

"Ki ce mata ta zuba albasa a ciki." Ya mayar da hularsa ka, ya fashe da dariya har haƙorin nan guda ya fito. "Ki ce mijinki kurma ne, matalauci ne, ba ya cefane, amma bai sake ki ba. Tashi ki damo mini koko."